Irin da Baturiya Ta Ara

Ni ɗan fari ne, saboda haka tun da na yi wayo Inna ba ta taɓa kiran sunana ba, ba ta kuma taɓa yi min magana kai tsaye ba. Wannan kunya ce ta iyayenmu mata, kowa ya san da ita, amma Inna ta kai tata inda ba kowa ke kaiwa ba. Wasu matan sukan sassauta idan ɗan ya girma ya yi iyali. Ita kam sai ta nemi ɗan aike. Akwai wata jar akuya da ake ɗaurewa kusa da madafa, to ita ake gaya wa komai. In na dawo daga makaranta da rana, Inna za ta dubi akuyar ta ce, "A hwaɗa ma mai boko hura na nan cikin ɗaki, in ya ga dama shi sha." Ni ma sai in dubi akuyar in ce a yi mata godiya. Da akuyar ta mutu 'yarta ta gaji muƙamin, aiki bai tsaya ko kwana ɗaya ba.

Ƙauyenmu yana wajen Kurawa, a ƙasar Sabon Birni. Ni ne malamin firamare na garin, ni ne kuma mai rediyon da ke kamo tashoshin nesa. Abubuwan nan biyu sun sa na ɗauki kaina idon gari. Ba a yanke wata magana a gindin tsamiyar maigari ban ce "ai na ji a rediyo" ba, kuma da na faɗi haka kowa yakan yi shiru, ko don girmamawa ko don gajiya, har yau ban tantance ba.

Inna tana da wani gero da muke kira mai gemu. Zangarniyarsa tana fitowa da gashi dogaye masu kaifi, in tsuntsu ya sauka zai ci sai ya sha suka ya tashi yana zage-zage. Yana nuna da wuri, ko ruwa ya ɗauke kafin lokaci ba ya ba mai shi kunya, furarsa kuwa in ka sha da safe sai la'asar za ka tuna da ciki. Daga kakarta ta gaje shi. Tana shuka shi a gayaunarta, can nesa da gonakin mutane don kada ya surka da wani geron. Kafin a yi girbi takan shiga gonar ita kaɗai ta zaɓi zangarkun da suka fi cika, ta sussuke da hannu, ta cuɗa da toka, ta zuba a wata tukunya ta liƙe bakin. Dokarta a kan irin nan ɗaya ce: ba a sayarwa, ba a kyauta, sai dai aro. Ka ɗiba ka shuka, in ka girbe ka maido. Ni kuwa, in faɗi gaskiya, in ka zuba min ƙwayar mai gemu da ta geron kasuwa a tafin hannu ba zan bambanta ba. Furar kawai na iya sha.

Wata shekara da kaka, an gama ɗaure damma ke nan, sai ga farar mota ta tsaya gindin tsamiya. Mutum biyu suka fito: wata baturiya doguwa mai malafa, rana ta mai da fuskarta ja, da wani mutumin Nijar daga wajen Maraɗi, siriri, mai yawan murmushi. Nan da nan na gyara riga na matso don in yi tafinta. Ashe mutumin Hausarsa ta fi tawa nuna, sai dai yakan tsoma Faransanci nan da can. Allah ya rufa min asiri, takardun da suka kawo na ɓangaren Najeriya da Turanci aka rubuta su, saboda haka aka miƙo min in karanta wa jama'a.

Mutumin Nijar ya yi bayani dalla-dalla. Ya ce ƙasashe da yawa sun haɗa kai don ceto tsofaffin iri, saboda suna ɓacewa. Mutane na barin na kakanninsu suna kama na zamani, fari ma na cinye wasu. Su aikinsu su bi ƙauyuka, nan da ƙetaren iyaka, su roƙi kaɗan-kaɗan su kai wani ɗakin sanyi inda iri zai yi shekaru bai mutu ba. Ya ce doka ta hana su ɗaukar ko ƙwaya ɗaya sai da yardar mai abu. Sannan ya kawo maganar da ta tayar da gari: in wata rana wani kamfani ya yi amfani da irin da aka karɓa nan ya fitar da sabo ya ci riba, to akwai rabon al'ummar da ta bayar.

Kalmar rabo ita kaɗai mazan garinmu suka ji. Maigari ya fara hango famfon tuƙa-tuƙa a ƙofar gidansa. Kafin a ce kwabo kowa ya zama mai tsohon iri. Wani maƙwabcinmu ya kawo masarar da na gan shi da idona ya sayo a kasuwar Isa, ya rantse tun kakan kakansa suke nomanta. Mutumin Nijar ya shinshina, ya ciji ɗaya, ya yi murmushi, ya ce Allah ya jiƙan kakan. Daga nan ya nemi izini ya tambayi mata a bakin rijiya, su kuwa baki ɗaya suka nuna gidanmu.

Ni fa zuciyata ba ta kwanta ba. Na taɓa ji a rediyo cewa a wata ƙasa turawa sun karɓi maganin wani itace hannun talakawa, suka je suka mai da shi ƙwaya suka yi arziki, masu itacen ko na goro ba su gani ba. Na riga baƙin zuwa gida, na tsaya gaban akuya na yi mata lacca. Na ce a gaya wa Inna duniya ta canza, waɗannan mutane wayo suka zo yi, yau su karɓi iri kyauta gobe su sayar mana da shi a leda.

Inna tana tankaɗe, ba ta ko ɗago kai ba. Ta ce wa akuyar, "A hwaɗa mai, baƙo in ya roƙi ruwa ko iri ba a hana shi. Kuma ba kyauta za ni yi ba, aro na."

Baƙin suka ce za su dawo bayan azahar. Inna ta buɗe tukunyarta, ta auni iri a 'yar ƙwarya, ta rufe da faifai, ta ajiye a bakin ƙofar ɗakinta, ta ɗauki buta ta zaga. A nan Shaiɗan ya same ni, ya zo min da kamannin kishin ƙasa. Na juye irin cikin tukunyar da ya fito, na liƙe bakin yadda na same shi, na ɗebo geron da mai ɗakina ta sayo a kasuwa na cika ƙwaryar, har da yayyafa toka kaɗan don aiki ya yi kyau. Na mayar da faifai, na koma kan tabarma na kunna rediyo. A raina ina cewa yau ga wanda ya tsare dukiyar Gobir daga hannun bature.

Da baƙin suka dawo, baturiya ta roƙi Inna ta riƙe ƙwaryar a ɗauki hoton hannunta. Inna ta riƙe, aka ɗauka. Sannan ta tsoma yatsunta cikin geron ta ɗebo ta saki, ta sake ɗebowa. Sai ta tsaya cik. Can ta dubi akuya ta ce, "Iri ba a bada shi tsirara." Ta shige ɗaki da ƙwaryar, ta ɗan jima, ta fito da ƙulli a tsumman zane, an ɗaure shi tamau. Na sauke ajiyar zuciya. Na ce a raina tsufa ya kama idon Inna, Allah ya taimake ni.

Kafin ta miƙa ƙullin ta kafa sharaɗinta. Ta ce a gaya wa baƙuwa aro ne, in ta girbe ta maido. Mutumin Nijar ya fassara. Baturiya ta yi dariya, ta dubi fuskar Inna ta ga babu wasa a ciki, sai ta haɗiye dariyar ta ce ta yarda, duk ranar da aka nema za a maido. Aka kawo takarda Inna ta dangwala yatsa. Baturiya ta zaro alƙalami za ta sa hannu, Inna ta ce ba ta san wannan ba, ita ma ta dangwala yadda aka sa ta yi. Haka baiwar Allah ta bar gidanmu da shuɗin babban yatsa. Aka ba mu kwafin takardar, na jefa a akwatin ƙarfe inda nake ajiye takardun makaranta.

Daga wannan shekara, duk kaka in an gama girbi sai Inna ta tambayi akuya, "A tambayi mai boko, baturiya ta yi girbi?" Na yi bayani iya yina. Na ce ba shukawa take yi ba, a ɗakin sanyi aka ajiye, irin inda ake sa ƙanƙara. Inna ta riƙe haɓa ta ce ita ba ta taɓa jin manomin da ya ari iri ya kai shi ya sha sanyi ba. Shekara ta uku ta yanke hukunci cewa matar raguwa ce. Ta huɗu ta ce wataƙila ba ta da gona ne take jin kunyar faɗi, in haka ne a aika mata ta zo a yanka mata gefen gayauna. Ta biyar ta fara tausaya mata, ta ce da ganin wannan jan fuska ai ba ta da lafiyar noma.

Rabon da maza ke jira bai zo ba. Maigari ya yi ta leƙen hanya har ya haƙura. Abin da ya zo kawai wani littafi ne mai sheƙi, rabi Turanci rabi Faransanci, cike da hotunan iri daga ƙasashe daban-daban. A wani shafi ga hannuwan Inna riƙe da ƙwarya, an rubuta a ƙasa cewa wannan tsohon gero ne mai daraja daga ƙasar Gobir. Mutane suka yi ta zuwa kallo. Ni kaɗai na san geron kasuwa ne ake yi wa wannan kirari, kuma a lokacin abin dariya yake ba ni. In na tuna turawa suna can suna kashe wutar lantarki dare da rana don sanyaya geron furar mai ɗakina, sai in ji na yi maganinsu.

Shekara goma sha ɗaya aka yi a haka, har na ajiye alli na yi ritaya. Sannan masifar da ta ci ƙauyukan yankinmu ta iso namu. Ba ni son yawaita magana a kan wannan rana. Da hantsi suka shigo a kan babura, muka fita da abin da ke jikinmu da abin da hannu ya iya ɗauka. Allah ya tsare mana rayukanmu, wasu ba su samu haka ba. Muka kwana biyu a Sabon Birni, daga nan muka wuce Isa, gidan yayan mai ɗakina, ya ba mu ɗakuna biyu. Bayan an ɗan lafa na bi wasu maza muka leƙa gida. An kora dabbobi duka, har da akuyar Inna. An ƙone rumbuna. Tukunyar iri na same ta a fashe, abin da ke ciki ya zama gawayi. Waɗanda suka taɓa aron mai gemu su ma nasu ya ƙone, wanda ya tsira da ɗan kaɗan kuwa yunwa ta sa ya daka ya ci.

A Isa Inna ta yi shiru. Ba akuya, saboda haka ba saƙo. Sai ta zauna a bakin ƙofa tana kallon katangar mutane. In an kawo mata furar geron kasuwa ta kurɓa sau biyu ta ture. Na ga uwata tana ƙanƙancewa a gabana, kuma tsoro ya kama ni ƙwarai. Da na san zan yi kewar faɗan da ake aiko min ta bakin akuya, da ban yi ta ƙorafi a kansa ba.

Wata safiya, ina zaune ina jan carbi, sai na ji muryarta. Ta ajiye butar alwalarta a gabanta tana dubanta. Ta ce, "A hwaɗa ma mai boko, lokacin maida aro ya yi. Shi nemo baturiya."

Na yi murna da jin muryar, amma murnar ba ta daɗe ba. Duk duniya ni kaɗai na san abin da ke cikin ɗakin sanyin nan. Na dubi butar na ce a gaya wa Inna ai takardar ta ƙone da gida, ba mu da hanyar samun mutanen. Mai ɗakina, wadda ba ta san komai ba, ta yi farat ta ce, "A'a Malam, akwatin ƙarhe ai ni niɗ ɗauko shi bisa kai, don takardun hwanshonka. Ga shi can ƙarƙashin gado." Ban taɓa jin haushin mace mai kula da kaya ba sai ranar.

Lambar wayar mutumin Nijar tana ƙasan takardar. Na yi fatan ya canza layi. Bugu ɗaya ya ɗauka. Ya tuna Inna sarai, har ya ce baturiyar ta daɗe da komawa ƙasarsu amma ba ta daina ba da labarin tsohuwar da ta sa ta dangwale ba. Da ya ji abin da ya same mu ya yi salati, ya jajanta, ya ce ai don irin wannan rana aka yi ajiyar, kuma haƙƙin Inna ne a maido mata. Na yi ƙarfin hali na tambaye shi ko sun tabbata abin da ke wurinsu mai gemu ne. Ya ce su da lamba suke aiki, lambar da ke kan takardarmu ita za a ciro. Na ce to, Allah ya sa mu ga alheri.

Ashe iri ya fi mutum buƙatar takardun tafiya. Sai an nemi izinin wannan ofis, a gwada lafiyarsa a wancan, a buga hatimi nan da ƙetare. Wata biyar ana abu ɗaya. Inna ta ce wa buta ita dai ta san a tsumma ya fita ba wanda ya tare shi, yanzu da ya zauna da turawa shi ne ya koyi girman kai. Ni kuwa a cikin watannin nan na shirya wata dabara. Na ce tunda musanya ta sa ni cikin rami, bari musanya ta fid da ni. Na bi kasuwar Isa rumfa-rumfa, na aika Sabon Birni, na tambayi 'yan gudun hijira daga Gatawa da Unguwar Lalle, ko akwai mai ragowar gero mai gashi in saya ko nawa ne. Babu. Wani dattijo ya ce min rabonsa da ganin irinsa tun yana saurayi.

Ana saura kaɗan damina ta faɗi saƙon ya iso ta hannun wani direba. Wata 'yar jaka ce mai ƙyalli kamar ta madarar gari, ba ta cika tafin hannu ba, da wasiƙa da Faransanci a haɗe. Wasiƙar na ninke na cusa a aljihu. Akwai masu jin Faransanci a Isa ba iyaka, amma ban kai wa kowa ba, don ba na son wani ya karanta min asirina a bainar jama'a. Inna ta yanka bakin jakar da reza, ta zazzage a faifai, ta dubi yawan abin ta ce, "Ta ari ƙwarya ta maido ludayi. Ba komi, Allah shi sa albarka." Sannan ta tsoma yatsu ta murza. Na ƙura mata ido. Ba ta ce uffan ba. Ta ƙulle a tsumma ta sa a ƙarƙashin matashinta, ni kuma na ɗauki shirun nan a matsayin hukunci.

Yayan mai ɗakina ya ba da wani ɗan fili a gefen gari, kusa da kududdufin da ake buga tubali, nesa da gonakin gero kamar yadda Inna ta nema. Ruwan shuka ya sauka, ta fita da kanta, ni ina sara rami ita tana jefa ƙwaya uku-uku tana rufewa da diddige. Tun daga ranar ta fara cin abinci. Kullum da safe sai ta ɗauki butarta da sandarta ta tafi duba gona. Kumatunta suka fara dawowa, nawa suka fara tafiya.

Mugun abu game da gero shi ne duk iri ɗaya yake tun yana tsiro har ya yi ciki. Sai ya fid da kai ake sanin ɗan wane gida ne. Saboda haka ina da kusan wata biyu na jira. Kowa a Isa yana roƙon Allah amfanin gona ya yi sauri, ni kaɗai nake fatan ya yi nawa. Mai ɗakina ta ce gyambon ciki ne ya kama ni, ta haɗa ni da jiƙo mai ɗaci safe da yamma, na sha ban yi musu ba don na san na cancanci fiye da haka. Abin da ke cin raina ba kunyar tonuwar asiri ba ce kaɗai. Tsohuwar nan ta rasa gida, ta rasa gari, ta rataya sauran ranta a kan wannan ɗan fili, kuma ni da hannuna na yanke igiyar tun shekara goma sha biyu da suka wuce. Da geron ya yi ciki na daina zuwa gonar, na ce ƙafa ke min ciwo.

Wata safiya bayan an kwana ana ruwa, Inna ta tsaya a tsakar gida ta ce wa buta, "A hwaɗa ma mai ciwon ƙahwa shi taso shi raka ni, hanya da santsi." Na san ranar ta zo. Muka kama hanya, tana gaba da sanda da buta, ina biye kamar wanda za a kai gaban alƙali. Da muka kusa kududdufin na ga gara in faɗa da bakina kafin gona ta faɗa. Na dubi butar da ke lilo a hannunta na ce a gaya wa Inna ina da laifi. Na zayyana komai, tun daga rediyo har yayyafa toka. Na ce abin da baturiya ta tafi da shi geron kasuwa ne, abin da ta maido ma shi ne, mai gemu ya tafi ke nan, kuma ni na kashe shi. Inna ba ta tsaya ba, ba ta waiwayo ba.

Muka zagaya tarin tubali, sai ga gonar. Zangarku sun fito a tsaye, kowacce da gashinta dogaye, raɓa na rataye a jikinsu. Wani ɗan tsuntsu ya sauka a kan ɗaya ya tashi ba shiri. Na tsaya baki buɗe. Na murza ido na sake dubawa, gemu dai gemu ne.

Inna ta ɗaga butar ta dube ta. Ta ce, "A hwaɗa ma mai boko, tun bai da haƙori hannuna ka cikin wanga iri. Hatsin kasuwa ko makaho ya taɓa shi ya san shi. Da nis shiga ɗaki na tukunya niƙ ƙulla ma baƙuwa. Wanda yaz zuba cikin ƙwarya kau, shi nid dama mai hura da sahe, yas sha, yac ce duk ƙasag ga babu hura irin ta mai gemu."

Na tuna furar. Wallahi na faɗi haka, har da ƙari na nema.

Ta ci gaba, "Shekara goma sha biyu nike jiran shi hwaɗi da bakinai. Na ce ko rediyon ba ta koya mai wanga ba."

Ban san lokacin da dariya ta kuɓuce min ba, hawaye na bin ta. Na sa hannu a aljihu don in ciro abin share fuska, sai na ciro wasiƙar nan ta Faransanci da ta yi wata biyu a jikina. Daga baya da na kai aka karanta min, layin farko ma cewa ya yi ga geronku mai dogon gashi, an sake shuka shi sau ɗaya a wata gonar gwaji don kada ya mutu. Da Inna ta ji haka ta janye maganar ragwanta, ta ce ashe matar ta yi noma. Hoton da ke cikin littafi mai sheƙi kuwa, wannan kam geron kasuwa ne har gobe, ba mai iya gyara shi.

Amma a ranar, a bakin gonar, Inna ba ta gama ba. Ta ce wa buta in an girbe za a ƙulla ƙwarya guda a aika ɗakin sanyi, don yanzu mu ne masu aro, kuma ba ta son a ce 'yar Gobir ta riƙe abin mutane. Ta sunkuya a hankali ta ajiye butar a ƙasa. Ta kamo wata zangarniya ta lanƙwaso ta, ta juyo ta dube ni ido cikin ido, abin da ban taɓa gani ba a shekara sittin da 'yan kai.

"Kai," in ji ta. "Taho ka taɓa shi, ka san shi. Ba kullum nike nan ba."

Na matsa na miƙa hannu na kama. Gemun ya soke ni a tafi, ban janye ba.